Maganin Shan Mai: Gaskiya Ne Ko Talla?

Ƴan uwa masu koyon karatu, ku matso kusa, ku ɗauko littafi da alƙalami, yau akwai lissafi.

Kowa a Gaya ya san man kwalba. Shekara da shekaru ana shigo da shi ta hanyar Kamba, ana sayarwa a bakin hanya da araha. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai. Kuɗinsa ya tashi a can, mu ma muka ji a jikinmu. Direba da ɗan kabu-kabu suka shiga neman dabara.

Sai ga masu talla da kayansu. Wani maganaɗisu ne, a ɗaura shi a jikin tiyon mai. Wani ƙwayoyi ne kamar na likita, a jefa cikin tanki. Akwai kuma ɗan akwati da ake soka wa motar zamani a ƙarƙashin sitiyari, yana ƙyafta wuta. Mai talla ya ce da ka sa, motarka ta rage shan mai. To, gaskiya ne?

Mu fara da maganaɗisu. Aikinsa jan ƙarfe. Ku zuba mai a faranti, ku kawo maganaɗisu kusa, ku gani ko zai motsa. Ba zai motsa ba, don mai ba ƙarfe ba ne.

Mai talla yakan ce wai inji ba ya ƙone mai duka, kayansa ne za su ƙone sauran. Ba haka ba ne. Inji mai lafiya yana ƙone kusan dukan man da ya sha. Asarar tana wani wuri dabam. Kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfin mai zafi yake zama, ya fita ta bututun hayaƙi da ruwan sanyaya inji. Ƙwaya ba ta iya dawo da wannan zafi.

An gwada kuwa. A ƙasar Amurka, hukumar gwamnati mai kula da muhalli ta fara gwajin irin waɗannan kaya tun shekarun 1970. Ta duba fiye da iri 100. Ba ta sami ko ɗaya da ya rage shan mai sosai ba. Wasu ma ƙara hayaƙi suka yi.

Wani zai ce, "Malam, ai abokina ya sa, ya rantse ta yi aiki." Ban ce ya yi ƙarya ba. Mutumin da ya kashe kuɗinsa yana so ya ga amfani. Sai ya riƙa taka mota a hankali bai sani ba. Ƙafarsa ce ta rage man. Ga shi kuma kwalba ba mudu ɗaya ba ce: ta wannan ta cika, ta wancan da saura.

Ga yadda mai ilimi zai gane da kansa. Ka cika tanki fal a gidan mai. Ka rubuta lambar da ke agogon kilomita. Daga Gaya zuwa Doso kamar kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. Da ka dawo, ka sake cika tanki a wuri ɗaya, ka rubuta lita nawa ya ci. A ce lita 30 ne. Wato kowane kilomita 100 ya sha lita 10. Ka yi haka sau uku babu kayan talla, sau uku da su, da lodi iri ɗaya, da gudu iri ɗaya. Tafiya ɗaya ba ta isa shaida ba.

Ni dai, da za a tambaye ni, kuɗin nan gara a kai wa mai gyara. A duba iskar taya, don taya mai laushi tana jan mai. A sake buji idan ya mutu. A kakkaɓe matatar iska, musamman a tsohuwar mota lokacin hunturu da ƙura. In kuna cikin dogon layi a duwan, ku kashe inji.

Ga aikin gida. Wata mota ta yi kilomita 300, ta sha lita 36. Lita nawa take sha a kilomita 100? Ku rubuta amsa, ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.