Ciwon da Aiki Ke Ajiyewa a Jiki

Idan mota ta take lebura ko katako ya faɗo wa magini, kowa ya gani, nan take a kwashe shi zuwa asibiti. Akwai kuma ciwon da aiki ke tarawa a jiki sannu a hankali, har mai shi ya ɗauka tsufa ne ko sanyi. Irin wannan ne ya fi damuna a yankinmu, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela.

Mu fara da siminti, tunda tun shekarun 1960 ake yin sa a Malbaza. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa shi, a gasa a tanderun da zafinsa ke kai kusan digiri 1450, sannan a sake niƙawa. Kowane mataki yana tada ƙura. Ƙurar da ido ke gani hanci na tare mafi yawanta. Mai lahani ita ce ƙarama ƙwarai, wadda ke wucewa har cikin huhu. Idan akwai silika a cikinta, wato sinadarin yashi da wasu duwatsu, huhu ba ya iya fitar da ita. Sai tabo ya riƙa taruwa shekara bayan shekara, numfashi ya gajarce, kuma tarin fuka ya fi saurin kama irin wannan huhu. Tabon ba ya warkewa. Shi ya sa watsa ruwa a wurin fasa dutse da takunkumi na gaske suka fi duk wani magani. Rawani da aka naɗa a baki ba ya tare wannan ƙurar.

Magini da ɗan dako kuwa, fatarsu ce ke shan wahala. Siminti ya haɗu da ruwa ko gumi, ya zama kamar toka mai ƙarfi, yana cin fata ba tare da zafi ba da farko. Mai kwaɓa shi da ƙafa babu takalmin roba sai da dare ya ga gyambo.

A lambunan albasa na Galmi da fadamun noman rani na Ƙonni, abin ya sha bamban. Da yawa daga magungunan ƙwari suna toshe wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata don su huta bayan sun aika saƙo. Ba sai an sha ba, ta fata ma maganin yana shiga, musamman a zafin Afrilu da Mayu, jiki jiƙe da gumi. Alamunsa su ne yawu da hawaye, amai, jiri, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Wanda ya ga haka bayan feshi ya tuɓe rigar, ya wanke jiki da sabulu, ya nufi likita da kwalbar maganin a hannu. Madara ba ta karya shi. Ga kuma tsargiya, wadda ke shiga ƙafar mai ban ruwa daga katantanwar magudanai.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai aiki nauyin kare ma'aikacinsa, asusun inshorar ma'aikata na CNSS kuma yana biyan magani da diyya. Amma sai wanda aka yi wa rajista. Yaron da ake ɗauka kwana ɗaya ya sauke buhunan siminti, da wanda ke goya tankin feshi a lambun wani, sunansu ba ya cikin kowane littafi, kuma kuɗin asibiti daga aljihun danginsu yake fita.