Bashi Hanji Ne, Amma Yana da Iyaka

A shirinmu na wannan mako mun amsa tambayar wani mai sauraro daga Soba, kudu da Khartum. Yana sayen dabbobi a kasuwar Muwailih ta Omdurman, an kuma yi masa tayin ya ɗebi shanu fiye da ƙarfin jarinsa, ya rubuta cak na wata uku. Ya ce: in karɓa ko in bari?

To, ɗan'uwa, fara da sanin doka. A Sudan, sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mayar da cak ɗin da banki ya dawo da shi laifi, kuma 'yan kasuwa da yawa sun daɗe a kurkuku suna jiran ranar biya. Tuna kuma da Suƙ al-Mawasir a El Fasher, inda mutane suka miƙa motoci da kaya suka karɓi cak mai riba mai tsoka. Da abin ya rushe a 2010, takarda kawai ta rage a hannunsu.

Akwai darasi wurin maƙwabtanmu Indiyawa 'yan Gujarat, waɗanda suka fara sauka Sawakin tun ƙarni na 19, daga baya suka kafa shaguna a kasuwar Omdurman. Ba addininsu muke ɗauka ba, tsarin ciniki muke dubawa. A koyarwar Hindu, neman dukiya, wato artha, abu ne mai kyau, amma dole ya bi bayan dharma, wato gaskiya da sauke haƙƙi. Suna da wata tsohuwar ƙa'ida, damdupat: kuɗin ruwan da za a karɓa a lokaci guda ba zai wuce uwar kuɗi ba. Mu Musulmi riba haramun ce gare mu ɗungurungum, amma ka ga su ma sun gane cewa bashin da ba a yi wa linzami ba, cinye mai shi yake yi. Sannan duk shekara, lokacin bikin Diwali, ɗan kasuwar Gujarat yakan rufe tsohon littafin lissafi ya buɗe sabo, ya san abin da yake bi da abin da ake binsa.

Ga shawararmu. Kada ka ci bashin da in rabin garken ya mutu a hanya ba za ka iya biya ba. Kada ka ci bashin kasuwa ka yi biki ko ka sayi sabuwar waya da shi. Ka sa wa kanka ranar lissafi, ko da bayan Babbar Salla ne, lokacin da cinikin raguna ya lafa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya nuna mana kaya kan salwanta a dare ɗaya, amma bashi yana nan daram. Ɗauki abin da wuyanka zai iya. Allah Ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa.