Inshorar magani ga tsofaffi: Nawa ne ke fita daga aljihu?

Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari a Gwandu ko Kalgo da ke jihar Kebbi, sayen magani hidima ce ta kowane wata. Shi ya sa duk wanda zai shiga tsarin inshorar lafiya ya kamata ya san nawa zai riƙa biya da kansa, da kuma inda biyan zai tsaya.

A Najeriya an fara aiwatar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a shekarar 2005. A 2022 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar, ta kuma sanya tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Jihar Kebbi ma tana da tata hukumar, mai suna KECHEMA.

A tsarin ma'aikata na tarayya, majiyyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa, inshora ta biya sauran. Idan maganin na naira dubu 20 ne, zai biya naira dubu 2.

Sai dai wannan kaso ba shi da iyakar shekara, don haka duk lokacin da aka karɓi magani sai an biya.

Yadda abin yake a Amurka

A Amurka, shirin Medicare na 'yan shekara 65 zuwa sama ya ɗauki wata hanyar dabam. Sashensa na magunguna ya fara aiki a 2006, kuma yana da matakai.

A matakin farko mutum ne ke biyan kuɗin maganinsa gaba ɗaya, har ya kai wani adadi, kafin inshora ta sa hannu. A 2025 wannan kuɗin farko bai wuce dala 590 ba.

Daga nan sai ya koma biyan kashi 25 cikin 100, har jimillar abin da ya fita daga aljihunsa a shekara ta kai dala 2,000, iyakar da wata doka ta 2022 ta sanya. Bayan haka ba zai ƙara biyan komi ba kan magungunan da tsarin ya amince da su, har ƙarshen shekara.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ko kuɗin farkon nan yana cikin lissafin iyakar. Amsar ita ce yana ciki. Wanda ya biya dala 590, saura dala 1,410 ke nan ya kai iyaka. A 2026 an ɗaga kuɗin farkon zuwa dala 615, iyakar kuma zuwa dala 2,100.

Amma kuɗin da ake biya wata-wata don zama cikin tsarin ba ya cikin lissafi. Haka ma maganin da ba ya cikin jerin da tsarin ya amince da shi.

Abin lura a gida

Wannan batu na ƙarshe ya shafi Najeriya ma, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Maganin da ba ya cikin jerin inshora, ko wanda aka saya a kemis saboda ya ƙare a asibiti, yawanci mai shi ne ke biya duka.

Don haka kafin a yi wa tsoho rajista, yana da kyau iyalinsa su tafi da takardar likita, su tambaya ko maganinsa yana cikin jerin, da kason da zai biya, da kuma abin da za a yi idan maganin ya yanke.