Bunsuru Ɗaya Ba Ya Riƙe Gari: Bambancin Gado a Awakin Batsari da Safana

Duk wanda ya tsaya a bakin wani ƙauye a ƙasar Batsari ko Safana da yamma, sa'ad da awaki ke komowa daga kiwo, zai ga cewa ba su zama iri ɗaya ba. Ga ja wur, ga fara mai dogayen ƙafafu, ga baƙa, ga mai dabbare-dabbare. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin ado kawai. A wurin masanin halittu kuwa, alama ce ta wata dukiya da ake kira bambancin ƙwayoyin gado.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin akuya akwai wasu zarurruka guda 60 da ake kira kiromosom, 30 daga uwa, 30 daga uba. A kansu ne ƙwayoyin gado suke jere, su ne kuma ke da hannu a launin gashi, da girman jiki, da yawan nono, da haihuwar tagwaye, da jure wa cuta. Tun da aka fara kiwon akuya a duwatsun Zagros na ƙasar Iran, kimanin shekara 10,000 da suka shige, kowace ƙasa ta yi ta tace nata irin. A Nijeriya manyan iri uku ne: gajerar akuyar kudu mai jure wa sammore, da doguwar akuyar Sahel mai jure wa ƙishirwa da tafiya, sai jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi. Fatar wannan ta ƙarshe ce fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Yammacin Jihar Katsina na cikin ƙasar jar akuya, amma kusancinsa da iyakar Nijar ya sa jinin ta Sahel ya daɗe yana shigowa ta kasuwanni. Amfanin wannan gauraye shi ne, in fari ya zo ko annoba ta faɗo, ba dukan garke ne zai kwanta lokaci guda ba. Wasu za su tsira, su kuma ne za su zama iri.

To, ina matsalar take? Ta farko tana cikin gida. Idan suna ko biki ya taso, ko aka bukaci kuɗin taki, bunsurun da ya fi ƙiba shi ake fara kamawa. Sai a bar tsamurarre yana barbarar uwarsa da 'yan'uwansa. Lissafin ilimin gado ya nuna cewa ɗan da aka samu tsakanin bunsuru da 'yarsa, ko da uwarsa, yana da kashi 25 cikin 100 na yiwuwar ya gaji ƙwaya iri ɗaya ta ɓangarorin biyu a kowane gurbi. Ta haka ne munanan ƙwayoyin da ke ɓoye suke bayyana: 'ya'ya su zo ƙanana, haihuwa ta ragu, mace-mace su yawaita. Da yake cikin akuya wata 5 ne kacal, ɓarnar kan taru cikin 'yan shekaru.

Ta biyu kuwa rashin tsaro ne. Satar dabbobi da hare-hare a kewayen dajin Rugu sun tilasta wa iyalai da yawa ƙaura da sayar da abin da suka mallaka. A shekarar 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Batsari da Safana. Idan garke ya ragu ya koma 'yan ƙalilan, ko da ya sake yawa daga baya, daga waɗannan ƙalilan ɗin ne kowa zai fito. Yawa kan dawo da sauri, amma ƙwayar gadon da ta ɓace ba ta dawowa sai an kawo ta daga waje.

Hukumomi suna da nasu aikin. Nijar ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi tun 1963, muna kuma da cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Sai dai mafi yawan awakin nan a hannun matan karkara suke, don haka maganin ma daga tsakar gida zai fara. A riƙa ajiye bunsurun da ya fi lafiya, wanda uwarsa ke haihuwar tagwaye kuma take da nono. A dandaƙe sauran su zama taure, a yi kiwonsu don kasuwa. Kada bunsuru ya wuce shekara ɗaya ko biyu a garke guda. A yi musanya da wani ƙauye mai ɗan nisa, a kuma keɓe baƙon na 'yan makonni don gudun cuta.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Irin awakin da kakanninmu suka tace a wannan ƙasa ya san zafinta da farinta. Manomi ba ya cinye irin shukarsa. Haka ya kamata mai kiwo ya ɗauki bunsurunsa.