Yadda ake sauraron waƙoƙin da aka adana a gida daga nesa ta hanyar VPN

Masu sha'awar tsofaffin waƙoƙi da dama sun shafe shekaru suna juye faya-fayai da kaset zuwa kwamfuta. A irin waɗannan taskoki akan samu waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, har da karatuttukan malamai, waɗanda wasunsu ba su a Spotify ko Audiomack. Sai dai da zarar mai taskar ya yi tafiya, ya rabu da ita ke nan, in ban da ɗan abin da ya ɗebo a waya.

Ana magance wannan ta hanyar mayar da kwamfutar gida ta zama rumbun waƙoƙi, wato abin da masana ke kira saba. Tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ta wadatar. Ana ɗora mata manhaja irin Navidrome ko Jellyfin, waɗanda kyauta ne, su tsara waƙoƙin bisa sunan mawaƙi, sannan su riƙa aika su zuwa waya. A cikin gida, inda wayar da rumbun ke kan Wi-Fi ɗaya, komai na tafiya daidai. Daga waje ne wahalar take.

Me ya sa ba a buɗe ƙofa kai-tsaye?

Tsohuwar dabara ita ce a buɗe wata ƙofa a na'urar rarraba intanet ta gida, alal misali ƙofa mai lamba 4533 da Navidrome ke amfani da ita. Amma ƙofar da ta buɗu ga mai gida ta buɗu ga kowa. Akwai manhajojin masu kutse da ke zagaya intanet dare da rana suna laluben irin waɗannan ƙofofi. A shekarar 2016, manhajar kutse ta Mirai ta mamaye dubban kyamarori da na'urorin rarraba intanet ta hanyar gwada kalmomin sirrin da masu su ba su sauya ba.

Akwai kuma wani cikas. Adireshin intanet na tsarin IPv4 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma babbar taskarsa ta ƙare a watan Fabrairun 2011. Don haka galibin kamfanonin wayar salula, har da Starlink a tsarinsa na gidaje, suna haɗa masu hulɗa da yawa a adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Gidan da ke ƙarƙashin wannan tsari ba shi da adireshin kansa da za a nemo shi daga waje.

Aikin da VPN ke yi

'Yan Najeriya da yawa sun san VPN ne a lokacin da aka dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Waccan tana bi da mutum ne ta kwamfutar wani kamfani a ƙasar waje. Wadda ake nufi a nan kuwa keɓantacciyar hanya ce tsakanin wayar mutum da gidansa, wadda ke sa wayar ta zama kamar tana cikin gida ko da mai ita yana Legas, rumbun kuma yana Kano.

Fitacciyar fasaha a wannan fanni ita ce WireGuard, wadda Jason Donenfeld ya ƙirƙira, aka kuma shigar da ita cikin tsarin Linux a watan Maris na 2020. Kowace na'ura tana da mabuɗai biyu, na sirri da na bayyane. Saƙon da bai zo da mabuɗin da aka sani ba, ko amsa ba ya samu, don haka mai lalube ba zai gane akwai wani abu a wurin ba.

Ga masu fama da CGNAT, akwai Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard. Wayar da rumbun kowanne yana tuntuɓar cibiyar kamfanin daga ciki, ita kuma ta sada su. Idan haɗuwar kai-tsaye ta gagara, bayanan su bi ta wata tashar kamfanin, amma a rufe, yadda kamfanin ba zai iya karanta su ba.

Data da wutar lantarki

Waƙar MP3 mai nauyin kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 58 a awa guda, yayin da ta FLAC kan haura megabait 300. Kuma datar na ƙarewa ta ɓangarori biyu, wato a gida wajen aikawa da a waya wajen karɓa. Shi ya sa ya fi dacewa a saita rumbun ya riƙa rage nauyin waƙa kafin ya aika, a kuma sauke waɗanda aka fi saurare a waya.

Idan aka ɗauke wuta, rumbun da na'urar rarraba intanet duk za su mutu, saboda haka ana buƙatar inbata ko sola. Haka nan VPN ba ta hana faifan ajiya lalacewa, don haka wajibi ne a ajiye kwafin taskar a wani wuri dabam.

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare ayyukan mawaƙa. Sauraron abin da mutum ya mallaka daban ne da raba mabuɗin rumbu ga jama'a ko sayar da damar shiga cikinsa, wanda ke iya zama keta haƙƙin masu waƙoƙin da magadansu.