Ziyarar Fas

Wanda ya je Fas ziyara ba ya yarda a ce masa ya je yawon buɗe ido, ko da rabin kwanakinsa a kallon gine-gine suka ƙare. Mutanenmu kan sauka a Kasabalanka su hau jirgin ƙasa, kuma tun a cikin tarago muƙaddamin ayari yake fara jan kunne: kowa ya riƙe alwala, a rage surutu, garin Shehu Tijjani za a shiga.

Mota ba ta shiga tsohon gari. Daga ƙofar Bab Bujulud, mai shuɗi ta waje da kore ta ciki, sai ƙafa. Lungu ne ke haifar lungu, ga alfadarai ɗauke da tukwanen gas, mai kora yana ta “balak, balak”, wanda bai raɓe da bango ba ya sha karo.

Dattawa sun fi son a fara da Maulaya Idris, tunda shi ne mai gari, kuma ba a shiga gida a wuce maigida. A lungunan da ke kaiwa hubbarensa akwai katako da aka gitta, dogon mutum sai ya sunkuya zai wuce. A kan wannan katako na ji musu iri-iri. Wani malami ya ce iyakar hurumi ce, a da duk wanda ya tsallaka ta ya sami mafaka, ba mai kama shi. Wani ya ce don a tare dabbobi ne kawai. Wata Hajiya kuwa ta kafe cewa an sa shi ne don kowa ya shiga da kai a ƙasa, sarki ko talaka. Na farkon ya fi hujja, amma maganar Hajiya aka fi maimaitawa idan an dawo gida.

Sai zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, a unguwar Bilida. Daga Ainu Madi ta Aljeriya ya fito, ya zauna Fas a 1798, Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi ya ba shi gida, a nan kuma ya rasu a 1815. Duk wannan ɗan Kano ya haddace tun kafin ya zo, shi ya sa ba ya neman mai yi masa bayani. Yakan yi sallama a gaban kabarin, murya ƙasa-ƙasa, ya yi Salatul Fatihi, sannan ya zaro takarda daga aljihu. Sunaye ne a jiki: maƙwabciya mai neman haihuwa, ɗan'uwa mai jinya, yaron da zai zana jarrabawa. Ɗaya bayan ɗaya ake karanta su, don ba wanda ke son ya koma a tambaye shi saƙo ya yi shiru. In lokacin wazifa ya yi aka shimfiɗa farin ƙyalle, za ka ga Bahaushe, Basenegale da Balaraben Fas gwiwa da gwiwa, lafazi ya ɗan bambanta amma ba mai gyara wa wani. Ranar Juma'a bayan la'asar kuwa, wurin zama ma sai wanda ya yi sammako. Ana cika gorori da ruwan zawiya, a ba sharifai hadiyya a dunƙule cikin hannu.

Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima Alfihriyya ta kafa a 859, raka'a biyu kawai yake samu daga yawancinmu, abin da nake ganin tauye haƙƙi ne ga wurin da ya shafe fiye da shekara dubu ana karatu.

Fadar sarki tana can Fas Jadid, garin da Banu Marin suka gina a 1276. Ba a shiga. Ƙofofi bakwai ne na tagulla masu ƙyalli, ga dakaru a gefe, sai mutum ya tsaya a fili ya yi kallo. Iyayenmu ba su ɗauke ta cikin ziyara ba, wucewa suke yi. Yanzu a nan ake daɗewa, a gyara zaman hula, a sake hoto har sau nawa, kuma shi ne ke fara isa WhatsApp kafin labarin zawiya. Daga nan a gangara kasuwa neman jallabiya mai hula, jar dara da takalman fata masu ruwan ƙwai, ana ciniki da Larabcin makarantar ilimi, ɗan kasuwa yana amsawa da Faransanci.