Awon Saliniyam a Ruwan Birnin Kano

Tun kaka da kakanni Bakano yana rarrabe ruwa da harshensa. Ya san ruwan daɗi, ya san mai zartsi, ya kuma san ruwan kududdufi bai kai na rijiya ba. Amma akwai sinadaran da harshe ba ya ji, ido kuma ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu shi ne saliniyam, wanda masani Berzelius na ƙasar Suwidin ya gano a shekarar 1817.

Jikin ɗan Adam yana bukatar wannan sinadari, amma ɗan kaɗan. Rashinsa na da hannu a ciwon zuciyar da ya addabi yankin Keshan na ƙasar Sin. Yawansa kuwa guba ne, gama a 1983 an sami 'yan tsakin tsuntsayen ruwa nakasassu a tafkin Kesterson na Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha, watau maikirogiram 40 cikin lita guda.

To, sanin jimla kaɗai bai wadatar ba, domin saliniyam yakan zo da kama biyu a ruwa, watau salinait da salinet. Salinait yakan maƙale wa ƙasa mai ƙarfe, irin jar ƙasa da marmara. Salinet kuwa bin ruwa yake yi, saiwar shuka kuma tana shansa da sauƙi. Saboda haka wanda zai gwada ruwan Jakara, da ake ban-ruwan lambuna da shi, tilas ya san wace kama ce ta fi yawa.

Ga yadda ake awon. Akan ɗebo ruwa a kwalba mai tsabta, a tace, a ajiye a sanyi, sannan a raba shi biyu. Kashi na farko a zuba masa sinadarin borohaidirait, wanda ke mayar da salinait kaɗai ya zama iska, na'ura ta auna ta. Kashi na biyu a dafa shi da asid, salinet ya rikiɗe ya koma salinait, a sake aunawa a sami jimla. In an ɗebe adadin farko daga jimlar, saura shi ne salinet.

Daga nan ne ma'aikacin lafiya zai iya cewa wannan ruwa ya dace da sha, wancan kuwa ko lambu bai dace da shi ba.